SOJA DA WANDA YA AIKE SHI

Jawabin da aka yi a gaban kwamitin Matamaye. A karanta shi a kowane reshe, a karanta wa waɗanda ba su yi boko ba.

 

Maganar da aka ba ni in yi yau ta soja ce. Dalili kuwa gardama ta yi yawa a rassanmu, har ta fita daga zaure ta shiga kasuwa. Waɗansu suna cewa soja ba ya laifi, mutumin da ya sa ƙirjinsa gaban harsashi dominmu ba wanda ya isa ya tuhume shi, wanda ya tuhume shi kuwa ya ci amanar ƙasa. Waɗansu kuma suna cewa soja karen farauta ne, duk wanda ya riƙe igiyar shi yake yi wa aiki, har an kai ga ana yi wa yara gori da cewa kakansu sojan Faransi ne. Ni yaro ne a gaban da yawanku, amma tun da an ce in faɗa, zan faɗa. Duka ɓangarorin nan biyu sun haɗa abu biyu sun ɗaure da igiya ɗaya, watau yaƙi da mutumin da aka tura yaƙin. Kowanne da tasa shari'a. Wanda ya aika yana da nasa kaya, shi ne mafi nauyi. Wanda aka aika kuma yana da nasa, ba ya sauke shi don ya ce an ba shi oda.

Mu fara daga gida, kada a ce na tafi nesa. Cikin watan Janairu na 1899 wata rundunar Faransi ta taso daga bakin Kwara ta nufo gabas, wai za ta kai tabkin Cadi. Shugabanninta kyaftin biyu ne, Voulet da Chanoine. Turawan da ke cikinta duka ba su kai goma ba. Ku riƙe wannan lissafi, zama shi ne gindin maganata. Sauran duka baƙaƙe ne irinmu, 'yan bindiga ɗaruruwa daga ƙasashen yamma, wajen Bambara da Mosi, da 'yan dako da aka ɗaure aka ɗora wa kaya. A Sansanne Hausa suka kashe mutum fiye da ɗari, har da mata da yara. Cikin Afrilu Sarauniya Mangu ta tsaya musu a Lugu, suka ƙone garin. Cikin Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau mutanen wurin ba su manta ba. Da labari ya kai Faransa, aka aiko wani kanar daga Tumbutu, sunansa Klobb, ya bi sawunsu ya karɓe rundunar. Bai sha wahalar neman hanya ba, toka da gawa su suka yi masa jagora.

Ran 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, ƙasar Tasawa. Ya hana mutanensa harbi. Voulet kuwa ya sa nasa suka harbe shi, sa'an nan ya tashi ya ce shi ya bar Faransa, sarauta zai kafa ta kansa a ƙasar baƙar fata. To, kun ji inda abin ya juya. Kwana biyu bayan haka, ran 16 ga wata, sojan nan suka juya bindigoginsu suka harbe Chanoine a Maijirgi, kashegari suka harbe Voulet. Kaburburansu suna can Maijirgi, duk wanda ya bi hanyar Takeita zuwa Tasawa ya ratsa garin.

Yanzu ku dubi abin da ke cikin labarin nan. Mutum tara ba su iya ƙone birni mai ganuwa. Hannun da ya cinna wa Ƙonni wuta baƙin hannu ne. Wanda ya ce soja ba ya laifi, ya je Ƙonni ya faɗi haka a bakin kasuwa, mu ga ko zai komo da hularsa. Kuma hannun nan da kansa ya nuna a Maijirgi cewa yana iya ƙi. Bindigar da ta iya kashe kyaftin ran 16 ga Yuli, da ta iya yin shiru a Ƙonni cikin Mayu. Amma fa kada mu yi saurin yabo. Ba kukan matan Ƙonni ne ya tayar da su ba. Sun tashi ne sa'ad da suka gane mutumin nan ya yanke musu hanyar komawa gida. Kuma kafin watan ya ƙare, waɗannan sojan dai, ƙarƙashin sauran hafsoshinsu, suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, suka shiga Damagaram. Ashe mutum ɗaya yana iya zama wanda aka zalunta kuma ya zama azzalumi cikin wata guda. Wanda bai yarda da wannan ba, ba zai taɓa fahimtar soja ba.

Wannan iyaka da nake faɗa, ba Turawa suka koya mana ita ba. Malamanmu suna nan zaune, in na yi kuskure su gyara. Yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, sa'ad da Sayyidina Abubakar ya raka rundunar da za ta Sham, ya hana taɓa mace da yaro da tsoho, ya hana sare itace mai ba da 'ya'ya da rushe gidajen mutane. Shekara fiye da dubu bayan haka Turawa suka zauna a Nurambag, cikin 1945 da 1946, suka yi wa manyan Jamus shari'a, suka yanke cewa oda ba ta wanke mai laifi. Cikin 1949 kuma suka rubuta yarjejeniyoyin Janeba a kan fursuna da mai rauni da wanda ba ya ɗauke da makami. Madalla da wannan. Sai dai Faransa tana cikin alƙalan Nurambag, alhali jinin da ta zubar a Setif ta ƙasar Aljeriya cikin Mayu na 1945 bai ko bushe ba. Dokar tana da kyau, alƙalin ne bai auna kansa da ita ba.

To, na juyo ga masu cewa karen farauta. Ku tambayi kanku yadda kakan yaron nan ya zama soja. Cikin 1857 Faransi suka kafa rundunar da suke kira tirayar, suna jingina ta ga Senegal ko daga ina mutum ya fito. Cikin 1919 suka kafa dokar ɗaukar soja ta tilas a Afirka ta Yamma, shekara uku. Kumandan zai aika wa sarki ya ce ina son mutum kaza. Sarki zai aika wa mai gari. Wa kuke tsammani mai gari zai bayar? Ba ɗansa ba, ba ɗan attajirin da ya kai masa gaisuwa da dare ba. Ɗan bawa zai bayar, da maraya, da ɗan talakan da bai biya lanho ba. Masu ƙafa suka riƙa tsallake iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, mu nan mun fi kowa sanin kusancin Daura. Wanda aka kama kuwa aka aske masa kai, aka ba shi jar hula, aka zuba shi a jirgin ruwa. A yaƙin 1914 zuwa 1918 an kwashi kusan mutum 200,000 daga Afirka ta Yamma, wajen 30,000 ba su komo ba. Sun mutu cikin laka da sanyi saboda rigimar Faransa da Jamus, rigimar da ba ta shafi gonar gerensu ba ko da taki ɗaya. Wannan mutum ne za a ce masa kare? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ga kuma yadda aka saka musu. A yaƙin duniya na biyu Jamus ta kama dubbansu cikin 1940. A Shasale, kusa da birnin Liyon, sojan Jamus suka ware baƙaƙe daga farare suka harbe baƙaƙen. Waɗanda suka tsira suka yi shekara huɗu a tsare. Cikin Nuwamba na 1944 aka sauke fiye da dubu daga cikinsu a Dakar, aka kai su barikin Tiyaroye. Abin da suka nema kawai a biya su albashin shekarun da suka yi a tsare kafin a watsa su garuruwansu, don sun san in mutum ya koma ƙauye ba wanda zai bi shi da kuɗi. Ran 1 ga Disamba da safe aka tara su a fili, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta rubuta mutum 35, wani rahoton nata ya ce 70, masu binciken tarihi kuwa suna cewa ɗaruruwa ne. Aka kuma gurfanar da waɗansu daga cikin waɗanda suka tsira, aka ɗaure 34. Sai cikin Nuwamba na 2024, bayan shekara tamanin, shugaban Faransa ya yarda ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi.

Akwai abu ɗaya a Tiyaroye da ba a son faɗa, amma sai na faɗa. Cikin sojan da aka jera a gaban mutanen nan ran nan har da baƙaƙe. Haka kuma a Madagaskar cikin 1947, da Indoshin har zuwa 1954, da Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, 'ya'yan Afirka ta Yamma aka tura su danne mutanen da ke neman abin da mu ma muke nema. Waɗannan yaƙe-yaƙe na zalunci ne, ba mu da wani suna da za mu ba su. Ba za mu canza musu suna don 'yan'uwanmu sun yi jaruntaka a cikinsu ba. Jaruntaka ba ta mai da haram halas. Amma mun san wanda ya shirya, mun san wanda ya sa hannu a takarda, mun san wanda ya ci riba. Laifin yaƙin nasa ne. Shi kuwa sojan, abin da hannunsa ya aikata ga wanda ba ya da makami shi ne nasa, kuma wannan sai an bi mutum mutum, ba a yi musu kuɗin goro.

Sa'an nan ga maganar fansho, wadda ta fi kowace nuna yadda mai aike yake riƙe ɗan aike. Ran 28 ga Satumba na 1958 aka yi ƙuri'ar I ko A'a. A nan Nijar Djibo Bakary da Sawaba suka tsaya kan A'a, aka kayar da su, I ta ci da wajen kashi 78 cikin ɗari. Gine ita kaɗai ta ce A'a, Faransa kuwa ta huce a kanta, har tsofaffin sojanta aka tsayar musu da fansho. Tsohon sojan da ya tsaya gaban akwati ran nan da takardar fansho a aljihu, yana tunanin bakin da zai ciyar, ni ba na zaginsa ko me ya jefa. Abin takaici, biyayya ma ba ta tsirar da su ba. Cikin Disamba na 1959 majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojan ƙasashen da suka sami 'yanci. Na Bafaranshe yana hawa kowace shekara, na Ba'afirke yana tsaye inda aka bar shi, alhali rami ɗaya suka kwanta. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya cikin 2001, shi kuwa ya riga ya rasu tun 1996. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai daga Janairu na 2011. Kun san abin da ake nufi da wannan, an jira mutuwa ta rage bashin.

Duk abin da na faɗa zuwa nan yana da daɗin ji, don mai laifin baƙo ne. Yanzu zan shiga inda ba daɗi. Tun 1961 muna da rundunarmu ta kanmu. Cikin Disamba na 2023 sojan Faransa na ƙarshe suka fita daga ƙasar nan. Ba sauran Nasaran da za mu jingina wa. Mai aike namu ne, ɗan aike namu ne, wanda ake harbi ma sau da yawa namu ne.

Ba na shakka cewa tsare gari daga masu yanka mutane a gona da masallaci yaƙi ne na halas. Tun da aka kai wa Boso da Difa hari cikin Fabrairu na 2015 yaranmu suke mutuwa a wannan aiki. Ran 10 ga Disamba na 2019 aka kashe soja 71 a barikin Inates. Wata ɗaya bayan haka, ran 9 ga Janairu na 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. Yawancin irin waɗannan yara 'ya'yan manoma ne, waɗanda suka shiga soja don gona ta kasa, ko don sun gama lakwal ba aiki. Haƙƙinsu yana wuyanmu. Amma ku ji abin da ya fito cikin wannan shekara ta 2020 dai. Aka yi bincike a ma'aikatar tsaro, rahoton farko ya nuna sefa miliyar 76 sun salwanta, ta hanyar ƙara wa kaya farashi da biyan kuɗin kayan da ba a kawo ba. Watau yaro yana bakin daga yana ƙidayar harsashinsa, wani yana Yamai yana ƙidayar benaye. Mai cewa kada a yi tambaya don girmama soja, wa yake karewa a nan? Ba yaron Inates ba.

Kuma dai cikin 2020, a watan Satumba, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan mutum 102 da suka ɓace a yankin Inates cikin Maris da Afrilu. Ta ce ta gano gawa 71 a ƙalla cikin ramuka shida, ta ɗora alhakin a kan waɗansu daga cikin soja. Ma'aikatar tsaro ta lokacin ba ta yarda ba. Jama'a, 71 a bariki, 71 a rami, yanki ɗaya, cikin watanni kaɗan. Na ga mutane suna kuka kan na farko, in an ambaci na biyu sai su tashi su bar wurin. Na ga waɗansu kuma ba su san sai na biyu ba. Ni dai ban ga yadda ɗan kishin ƙasa zai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba, tun da duka 'ya'yan Nijar ne. Haka muka yi da ɗaliban da jami'an tsaro suka harbe a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu na 1990, da Buzayen da aka kashe a Cintabaradan cikin Mayu na wannan shekara, kowa ya ɗauki gawar da ta dace da maganarsa. In muka nemi Faransa ta faɗi gaskiyar Tiyaroye, muka kuwa yi daidai da muka nema, ba mu da bakin da za mu ce a binne namu ramukan da shiru. Kuma tuhumar wanda ya yi laifi ita ce ke wanke sauran. In ba a ware mutum goma da suka aikata ba, dubu goma ne za su ɗauki sunan.

Sau biyar soja suka karɓi mulki a ƙasar nan, cikin 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023. Kowanne da dalilan da aka bayar, kuma na san a ɗakin nan ma ra'ayi ya bambanta a kansu, ba shi ne aikina na yau ba. Abu ɗaya kawai zan ce. Jinin ƙaramin soja da ya zuba a daji ba jari ba ne da wani zai ɗauka ya sayi shirunmu. Wanda ya hau kujera, ko da babbar riga ko da kaki, ya zama mai aike, kuma tambayar da ake yi wa mai aike ita za a yi masa: don me aka tura yaran nan, da me aka tura su, ina kuɗin, wa ya ba da oda a wuri kaza.

Saura abin da ya rataya a kanmu, mu na rassa, don kada taro ya tashi a kan magana kawai. Gorin nan da ake yi wa jikokin tsofaffin soja a daina shi, a bakin ɗan jam'iyya ba ya dacewa. Kowane reshe ya samu littafi ya rubuta sunayen mutanen garinsa da suka tafi soja ba su komo ba, na zamanin Faransi da na yanzu, da shekara da wurin in an sani. A tambayi tsofaffi tun suna da rai, zama da yawa daga cikin sunayen nan ba su cikin kowace takarda sai a kan tsohuwa. A nemi matan da aka bari da marayu, a duba ko an biya su abin da doka ta ba su. Mu da muke koyar da yara, da duk mai alƙalami, mu rubuta musu takardunsu kyauta, a kuma samu mai raka su Damagaram, don mace ita kaɗai a bakin ofis sai a yi ta ce mata ta komo gobe. Yaron da zai tafi soja, kada a bar shi da makaɗa kawai, malami ya zaunar da shi ya gaya masa wanda addini ya hana shi taɓawa, ubansa yana wurin yana ji.

In kuwa mai kaki ya zalunci wani, a shinge ko a kasuwa ko a ƙauye, kada a ɗauki doka a hannu, kada kuma a bar ta ta zama jita-jita. A rubuta rana da wuri da abin da ya faru da shaidu biyu, a kawo wa kwamiti. Abin da ba a tabbatar ba kada a rubuta shi. Magatakarda zai raba wa kowane reshe littafi ɗaya kafin a watse, wakilan nesa su fara karɓa don su kama hanya da sauran rana. A komo da littattafan a taro mai zuwa.